Hedend na rukunin gidaje 96 a Ajah: kowaks ko faiba?

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Assalamu alaikum manyanmu. Akwai aiki a hannu a wajen Ajah, bene 6, kowanne gida 16, jimla 96. Masu wurin sun gaji da ganin dish a kowace taga, suna son a haɗa komai a ɗaki guda, wato hedend, a raba wa kowa tashoshi kamar 40, daga baya kuma a ƙara intanet. Bene mafi nisa daga ɗakin da suka ware ya kai mita 400. Me ya kamata ya shiga rak, wato kantar da ake jera na'urori, kuma da wace waya za a fita, kowaks ta tagulla ko faiba mai ɗaukar haske?

Baban Hanifa (Agege): Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar waya, fara tsara hanyar da sigina zai bi a cikin ɗakin. Daga dish zuwa LNB, wato kan da ke gaban dish yana karɓar sigina, daga nan zuwa risiba. Tashar da take kyauta, risiba mai tuna da yawa za ta ɗauko ta kai tsaye a matsayinta na dijital, babu buƙatar sake sarrafa ta. Tashar da take fitowa daga dikoda ta HDMI kuwa dole ta bi ta inkoda, na'urar da ke matse hoto da sauti. Dukkansu su haɗu a na'urar harhaɗa tashoshi, ita ke jera su rukuni-rukuni tana gyara lambobin PID, wato lambobin shaidar hoto da sautin kowace tasha, don kada biyu su yi karo. Sai mojuleta ta ɗora kowane rukuni a kan firikwansinsa, sannan kwambaina ya mayar da su bakin waya ɗaya. Yanzu akwai akwatin da ya haɗa risiba, harhaɗawa da mojuleta a jiki guda, amma jerin aikin bai canza ba.

Lissafin tashoshinka: a tsarin matse bidiyo na H.264, ka ba SD kamar 3 Mbps, HD kamar 7. In 30 SD ne 10 HD, ka sami 160 Mbps. Layi ɗaya, wato firikwansi ɗaya, na DVB-C, tsarin talabijin na kebul, mai faɗin 8 MHz a salon ɗora sigina na 256-QAM yana ɗaukar wajen 51 Mbps, a 64-QAM kuma 38. Kada ka cika shi taf, ka bar kashi 10 cikin 100, domin tashoshin tauraro yawan bayanansu hawa da sauka yake yi. Layi 4 na 256-QAM sun ishe ka.

Oga Mai Mita (Obalende): Alhaji, lissafi ya yi, amma ban yarda da DVB-C a nan ba. Waye zai saya wa gida 96 akwatin karɓa? Talabijin da ke gidajen mutane a Legas, abin da ka fi tabbatar yana da shi shi ne tunar DVB-T2, tsarin talabijin na eriya, tunda shi ƙasar ta ɗauka, shi ne ma aka ƙaddamar a Legas a watan Afrilu 2021. Wasu suna da DVB-C, wasu babu, wasu kuma suna da shi amma sai ka canza ƙasa a saitin kafin ya bayyana. A fitar da DVB-T daga mojuleta, kowace tuna ta T2 tana karanta shi. Illar kawai layi ɗaya ba ya wuce 31.6 Mbps ko an ware shi iyaka, saboda haka layi 6 za a yi maimakon 4. Waya ba ta ƙi ɗaukar layi 6 ba.

Baban Hanifa (Agege): Gaskiyarka a kan talabijin ɗin. Sai dai in suna son rufe wa wanda bai biya kuɗin wata ba, dole akwati da kati, kuma a nan DVB-C ya fi araha a kowace tasha.

Oga Mai Mita (Obalende): A gida 96? Kuɗin na'urar kullewa da katunan ya fi abin da za a tsare. Wanda bai biya ba a zare wayarsa a akwatin bene, a toshe bakin da tamineta mai om 75, shi ke nan.

Maman Amir (Ikeja): Ku dakata da rigimar mojuleta, mita 400 ɗin nan ita ce babbar magana. Kowaks irin RG6 tana cin kusan dB 20 na ƙarfin sigina a kowace mita 100 a saman UHF, RG11 mai kauri kuma 12 zuwa 13. Ko da RG11 ka ja, kafin ka isa bene na ƙarshe ka zubar da kusan dB 50, sai ka sa amfilifaya biyu a hanya. Kowace amfilifaya tana son wuta, tana ƙara hayaniya, kuma tana zaune a waje cikin iskar teku. Ga kuma karkata: ƙananan firikwansi suna isa da ƙarfi, manya suna isa a galabaice, sai an yi ta daidaitawa. Faiba kuwa a 1550 nm abin da take ci bai fi dB 0.25 a kilomita guda ba. Tsawa ba ta bin ta, bambancin wutar ƙasa tsakanin bene da bene bai shafe ta ba. Tsakanin gine-gine, babu dalilin jan tagulla a yau.

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Hajiya, wato faiba har cikin kowane gida, ko ta tsaya a ƙasan bene?

Maman Amir (Ikeja): Duka biyun suna aiki, abin da masu wurin ke so nan gaba shi zai raba gardama. In talabijin kaɗai ne, ka sa tiransimita ta haske ɗaya a ɗakin, sifilita 1:8 mai raba hasken gida takwas, zare ɗaya zuwa kowane bene, a can ƙaramin nod ya mayar da haske RF. Daga nod ka saita fita a 95 dBµV: sifilita mai baki 4 ta ci 7.5, mita 20 na RG6 zuwa hawa ta ci 4, wata mai baki 4 a hawan ta ci 7.5, mita 25 zuwa falo ta ci 5, soket ya ci 1. Za ka sauka a wajen 70, daidai inda ake so. Ka yi ƙoƙari kowane soket ya faɗa tsakanin 60 da 70.

Amma tunda ka ce intanet na tafe, ni GPON, tsarin kai intanet ta faiba har cikin gida, zan yi tun yanzu. OLT, uwar na'urar tsarin, a rak ɗin, saukowa a 1490 nm da gudun 2.5 Gbps, hawa a 1310 nm da 1.25, talabijin kuma ya hau 1550 nm a zare ɗaya ta hanyar EDFA, amfilifayar haske, mai WDM a ciki, wato abin da ke haɗa hasken wuri guda. Kowane gida ONU, wato akwatin karɓar faiba, mai bakin RF na talabijin. Baki 3 na OLT sun isa: kowanne sifilita 1:2 a ɗaki, sai 1:16 a kowane bene. 1:2 tana cin kamar 3.7, 1:16 kamar 13.8, kanun waya da walda da WDM ka ba su 3. Jimla bai kai 21 ba, alhali modul ɗin haske na OLT, ajin B+, yana jure asarar dB 28. In EDFA na fitar da 20 dBm a kowane baki, hasken talabijin zai isa gida a kusan -1 dBm, wanda ya wadatar sosai.

Injiniya Mile 12: Ina bayan Hajiya. Kada wani ya kawo shawarar intanet ta kowaks, wato CMTS a ɗaki da modem a kowane gida, a sabon gini. Wannan tsari, DOCSIS, ya yi wa Amurka da Turai amfani ne saboda sun riga sun binne kowaks shekaru da dama. Hanyar dawowa daga gidaje, a tsarin Turai, tana zaune a 5 zuwa 65 MHz, kuma duk hayaniyar da ta shiga ta kowane gida tana gangarowa ta taru a hedend kamar yadda kwatamin unguwa ke zubewa a babbar kwata guda. Gida ɗaya mai sakakken kan waya kusa da inbata mai arha ya isa ya hana bene shida hawa intanet. A garin da kusan kowane gida yana da janareto da inbata, wahalar neman inda hayaniyar ke shigowa ba za ta ƙare ba.

Baban Hanifa (Agege): GPON ma tana da nata mahaukacin, Injiniya. ONU ɗaya ta lalace ta bar lezarta a kunne ba lokacinta ba, duk gidajen da ke kan bakin OLT ɗin nan sun faɗi.

Injiniya Mile 12: Haka ne, amma OLT mai kyau tana gano ta ta kashe ta daga ɗaki, in ma ba ta iya ba, gida 32 kawai za ka bincika, kana zare su ɗaya bayan ɗaya a sifilita.

Maman Amir (Ikeja): Ƙarin abu biyu da ke kashe sababbin shiga. Duk inda 1550 na talabijin zai bi, kan waya kore, SC/APC. Shuɗi UPC ne, yana mayar da haske baya. Wanda ya cusa kore a cikin shuɗi ya yi asarar dB masu yawa, ya kuma iya lalata fuskar duka biyun. Na biyu, bakin EDFA mai 20 dBm miliwat 100 ne a kan ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. Ƙura ɗaya a fuskar kan wayar za ta ƙone ta manne. A kashe leza, a goge, a duba, a sa, sannan a kunna. Kuma kada kowa ya leƙa bakin da ido, hasken ba a ganinsa amma yana ƙona ido.

Oga Mai Mita (Obalende): Mu hau rufi, don abin da ya lalace a sama babu na'urar da za ta gyara shi a ƙasa. Dish na santimita 60 ko 90 na gida ɗaya ne. In ruwan Yuni ya sauko, siginar Ku-band da irin waɗannan dish ke kamawa tana dusashewa, kuma a hedend gida 96 ne za su yi duhu lokaci guda. Ninka faɗin dish yana ƙara dB 6: daga santimita 90 zuwa mita 1.8 ka sami 6, daga santimita 90 zuwa mita 1.2 ka sami 2.5 kawai. Ni ƙasa da 1.2 ba na sawa, 1.8 in wuri da ƙarfe sun ba da dama. Eutelsat na digiri 36 gabas, inda DStv take, daga Legas yana sama da kusan digiri 51, saboda haka gini ba ya cika tare shi, amma a duba tankin ruwa.

LNB kuma kwatiro, mai baki 4 tabbatattu: tsaye-ƙasa, tsaye-sama, kwance-ƙasa, kwance-sama, su shiga maltisuwic, na'urar da ke ba kowace risiba ɓangaren da take so. LNB na gida yana sauya ɓangare ne da volt 13 ko 18 da sautin 22 kHz, in ka raba bakinsa ɗaya wa risiba da yawa, wadda ta aika 18 ta rinjayi sauran, rabin tashoshi su ɓace. Siginar da ke saukowa daga LNB tana tsakanin 950 da 2150 MHz, a can sama RG6 tana cin fiye da dB 30 a mita 100, don haka ɗakin ya kasance kusa da dish gwargwadon iko.

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Oga, wayar fa? A kasuwa nadi biyu duk an rubuta RG6, kuɗin ɗaya ya ninka ɗaya.

Oga Mai Mita (Obalende): Tafi da maganaɗisu. In ya kama zaren tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Irin wannan tana ɗaukar RF lafiya domin RF a fatar waya yake tafiya, amma wutar da ke zuwa LNB tana raguwa a doguwar hanya, 18 ta koma 15, a LNB na gida ɓangaren kwance ya ƙi kamawa. Zuwa dish tagulla zalla. Sannan fere ta ka ga saƙar waje, in kana hango farin ciki ta tsakanin zaren, bar musu. Araha ba ta ado. Kan waya na matsewa da filaya za ka sa, ba na murɗawa ba, a naɗe na waje da tef mai narkewa a jikinsa, a bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. A Ajah da Lekki gishirin iska yana cin kan waya a damina ɗaya.

Baban Hanifa (Agege): In za a sa dish na C-band, mai ƙananan firikwansi, a tuna da 5G. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon 3.5 GHz a Disamba 2021 aka fara kafa turaku, LNB mai karɓa daga 3.4 zuwa 4.2 GHz yana shaƙewa in turke na kusa. Alamar ita ce ƙarfi yana nan amma inganci yana tsalle, hoto yana farfashewa ba tare da hadari ba. Magani LNB ko matata mai wuce 3.7 ko 3.8 zuwa 4.2 kawai. Haka a ɓangaren fita, kada a ɗora layi sama da 694 MHz, can wayoyin hannu ne a 700 da 800. A tsaya tsakanin tasha ta 21, wato 474 MHz, da ta 48, wato 690. Kuma a fara sa eriya a mita a ga inda masu watsa T2 na gari suke zaune, a kauce musu, don suna shiga ta duk wayar da saƙarta ba ta da kyau.

Wani abu kuma da ba lalacewa ba ne: a Maris da Satumba rana tana bi ta bayan tauraron, sigina ya ɗauke na 'yan mintuna kwanaki kaɗan a jere. Ga na digiri 36 da hantsi abin ke faruwa. A sanar da mazauna tun kafin lokacin, kada wani ya hau ya taɓa dish.

Admin: Jama'a, kafin a yi nisa. Ɗan Zariya, tashoshi 40 ɗin nan daga ina? Dikodar da aka yi wa rajistar gida ɗaya ba a raba ta wa gida 96, ko na'ura ta iya. Wannan satar fasaha ce, kuma mai haɗawa ne ake fara kamawa. Tashoshin biya sai da yarjejeniyar kasuwanci da mai su. In ana karɓar kuɗi a kan rarraba talabijin, maganar lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta shigo. Sayar da intanet kuma na NCC ne, mafi sauƙi a haɗa kai da kamfanin da ke da lasisi ya kawo layi har rak. In faiba za ta tsallaka titin gwamnati, sai an je LASIMRA, hukumar Jihar Legas mai kula da shimfiɗa irin waɗannan layuka. A cikin katangar rukunin gidajen babu wannan.

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Yallaɓai, yawanci na kyauta ne, na gida da na Larabawa da na wa'azi. Na ƙwallo ne suke son na biya, zan mayar musu da wannan maganar su nemi yarjejeniya da sunansu.

Injiniya Mile 12: To yanzu abin da ya fi kashe hedend a Legas: wuta da zafi. Rak mai cin kilowat 2 yana zubar da zafin kusan BTU 6,800 a awa, kowane wat ka ninka da 3.4. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki 1 tana cire kamar 9,000, to ga bango da rufi suna ƙaro nasu. Sa biyu masu doki 1.5, suna karɓa-karɓa, kuma irin waɗanda ke tashi da kansu in wuta ta dawo. Ɗaki ya zauna a 22 zuwa 25. Kada a sanyaya shi fiye da kima, domin in ta mutu aka buɗe ƙofa, damshin Legas zai kwanta a kan allunan sanyi ya zama raɓa.

UPS kuma wadda kullum kaya ke ci daga inbatarta, ba mai jira wuta ta ɗauke ta yi tsalle ba. Ƙiftawar sauyi daga layin kamfanin wuta na Eko zuwa janareto ta isa ta sa inkoda ta sake tashi, minti biyu ko uku babu hoto. Awa 4 a kilowat 2 kilowat-awa 8 ne. Batirin litiyam 48V 200Ah yana da 9.6, ya rufe rak kaɗai, ban da sanyaya ɗaki. Wannan ne tarkon: wuta ta ɗauke, rak na ci gaba da aiki a batir, sanyi ya tsaya, ɗaki rufe. Dole a sa fankar fitar da iska a kan batir, ko na'ura mai aiko saƙo in zafi ya haura 30.

Maman Amir (Ikeja): Da wayar ƙasa. Ƙafar dish, saƙar kowaks a inda ta shigo gini, jikin rak, jikin janareto, duk su haɗu a sanda ɗaya ta tagulla, a auna ta sauka ƙasa da om 5. In ka kafa wa dish sandarsa daban ba ka haɗa ta da ta gini ba, ranar tsawa bambancin da ke tsakaninsu ta cikin tunar risiba zai bi. Kowace wayar dish ta sami abin kare tsawa mai barin wutar LNB ta wuce.

Oga Mai Mita (Obalende): Ranar miƙa aiki kada ka dogara da ido. Dijital yana nuna hoto garau har bakin rami, sannan ya faɗa gaba ɗaya. MER ake aunawa, wato ma'aunin tsabtar sigina. A bakin mojuleta ya zama 38 dB ko sama. In Alhaji ya ci gardama aka yi 256-QAM, a soket kada ya gaza 32, DVB-T ya fi haƙuri da 'yan dB. Duk layukan su fito daga kwambaina da ƙarfi ɗaya, bambanci kada ya wuce dB 1 ko 2. Kuma ƙarfi ba ya gyara inganci: in ka tura tiransimitar haske ko amfilifaya fiye da abin da takardarta ta ce, MER faɗuwa yake yi. Duk lokacin da ka ninka yawan layi, ka rage ƙarfin kowanne da kamar dB 3. A rubuta awon kowane bene a manna a ƙofar rak, ranar matsala shi za a kwatanta da shi.

Baban Hanifa (Agege): A cikin ɗaki kuma, in risiba da inkoda suna magana da mojuleta ta IP, a kunna IGMP a suwic don bidiyo ya je bakin da ya nema kawai, a ware musu VLAN, wato ɓangarensu daban. In ba haka ba 160 Mbps ɗin nan zai malala a kowane baki, har da bakin da ake sarrafa na'urori, shafin saiti ya ƙi buɗewa. Sauti a bar shi MPEG-1 Layer II, bidiyo H.264, domin tsofaffin talabijin ba sa buɗe HEVC, wasu kuma hoto zai zo babu murya in AC-3 ne. A cika NIT, teburin bayanan layuka da talabijin ke karantawa, da lambobin jeri, in ba haka ba kowane gida tasha ta ɗaya daban.

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Alhaji, in mai tauraro ya canza firikwansin wata tasha, sai an bi gida 96 ana sake bincike?

Baban Hanifa (Agege): A'a, shi ya sa ake ba kowace tasha lambar hidima da PID na cikin gida a na'urar harhaɗawa. In sama ta canza, ka gyara shigarwa a risiba, ka mayar da ita kan lambobin da take da su tun farko, talabijin ba zai san an yi komai ba. Abin da ke tilasta sabon bincike shi ne ka ƙara sabon layi ko ka matsar da firikwansin fita. Saboda haka tun ranar farko ka kunna layi 8 ko da 6 kake buƙata, ka sa tasha ɗaya-ɗaya a biyun da suka rage don talabijin su riƙe su, ka bar sauran wurin don ƙari.

Injiniya Mile 12: Na intanet in lokacinsa ya zo, ka tambayi kamfanin da zai kawo layi tambaya biyu: ta wace igiyar teku yake fita, kuma yana haɗe da IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta Najeriya? A 14 ga Maris 2024 da igiyoyin WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala rana ɗaya, wanda ke da hanya ta Glo-1 ko Equiano shi ya ci gaba da numfashi. Ka bar gurbi 6, wato U 6, a rak da zare 12 a bututun shigowa, ko da 2 za a kunna yanzu.

Maman Amir (Ikeja): Zuwa kowane bene ma haka, kebul mai zare 12, ba mai 2 ba, haƙa ramin ne mai tsada. Bututun ya zama an toshe bakinsa da kumfa, ramukan dubawa na Ajah suna cika da ruwa, ɓeraye kuma suna son faiba. Ɗan Zariya, turo zanen filin da tsawon kowace hanya, a ga ko 1:2 ɗin za su zauna a ɗaki ko a tsakiyar fili.

Ɗan Zariya (Idi-Araba): Zan turo da daddare in sha Allah, Hajiya. Akwai bene biyu da ke bayan tankin ruwa, hanyarsu ta zagaya, ita ce mai mita 400 ɗin.